Yadda Ake Bin Sawun Python Daga Tashinsa Zuwa Layin Farko Na Shirinka

Tsakanin lokacin da ka rubuta `python3 shiri.py` ka danna Enter da lokacin da layin farko na shirinka zai fara aiki, ko daƙiƙa ɗaya ba a cika ba. Amma a ɗan wannan tsakanin tafintan Python, wato manhajar da ke karanta shirinka ta gudanar da shi, ya riga ya yanke hukunci kan abubuwa da dama: inda laburarensa yake, foldojin da zai duba idan ka ce `import`, tsarin da zai rubuta haruffa da shi, da kuma kod ɗin wasu mutane da zai gudanar kafin naka. Yawancin matsalolin da ke sa ɗalibi ya goge Python ya sake saukewa, ya ƙona data a banza, a nan ake haifar su.

Python ba shi da fayil guda ɗaya na saiti da za ka buɗe ka ga komai a ciki, kamar yadda PHP ke da `php.ini`. Tsintar saitinsa yake yi daga wurare daban-daban, bi da bi, kuma tsarin ba ya canzawa. Bayanin nan a kan CPython ne, wato tafintan da aka rubuta da yaren C, wanda kusan kowa ke amfani da shi. Misalan na sigar 3.12 ne, sai ka sa lambar taka a gurbinta. Ka buɗe tagar umarni, ka riƙa gwada kowane mataki da hannunka.

Mataki na 1: Gano wane Python ne ya tashi

Kafin Python ya yi komai, tagar umarni ce ke zaɓar wanda za ta tasa. Tana bin jerin foldojin da ke cikin `PATH` daga farko, na farkon da ta samu da wannan suna shi ke nan. A Linux, macOS ko Termux na waya:

```
which -a python3
python3 -c "import sys; print(sys.executable, sys.version)"
```

A Windows kuwa:

```
where python
py -0p
```

Umarni na biyu zai jero duk sigogin da ke kan kwamfutar tare da adireshinsu. Idan ka rubuta `python` a Windows sai ka ga Microsoft Store ya buɗe, wani ɗan fayil ne da ke foldar `WindowsApps` ya riga Python na gaske a cikin `PATH`. Ana kashe shi a saitin Windows, a sashen App execution aliases.

Ka rubuta abin da `sys.executable` ya nuna maka a gefe. Duk abin da zai biyo baya daga wannan adireshin yake farawa.

Mataki na 2: Haruffa, tun kafin komai

Aikin farko da tafintan ke yi shi ne tantance tsarin haruffa. Dole ne ya fara da wannan, domin ko umarnin da ka rubuta da sunayen foldoji ba zai iya karantawa ba sai ya san yadda zai mayar da lambobin kwamfuta zuwa haruffa. Yana tambayar kwamfutar saitin harshenta, yana duba ko ka ba shi tutar `-X utf8`, yana kuma duba `PYTHONUTF8`.

Wannan mataki ya shafi mai rubuta Hausa kai tsaye, don haka zan daɗe a kansa. Windows da aka saita da Turanci yana amfani da wani tsohon tsari mai suna cp1252, wanda gurabensa 256 ne kacal, kuma babu ƙ, ɗ, ɓ a ciki, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Duba naka:

```
python -c "import locale, sys; print(locale.getpreferredencoding(False), sys.flags.utf8_mode)"
```

Idan ka ga `cp1252 0`, to ga abin da zai faru. Ka ce `print("ƙasa")` a taga, zai fito lafiya, domin tun sigar 3.6 Python na magana da tagar Windows ta hanyar Unicode. Amma ka buɗe fayil da `open("a.txt", "w")` ka rubuta kalmar a ciki, ko ka karkatar da abin da shirin ke fitarwa zuwa fayil da alamar `>`, sai ka ci karo da wannan:

```
UnicodeEncodeError: 'charmap' codec can't encode character '\u0199'
```

Lambar `0199` ita ce ƙ. Wannan ma da sauƙi, tunda ya yi ƙara ka ji. Wanda ya fi muni shi ne karatu: fayil ɗin da aka adana da UTF-8, idan aka karanta shi da cp1252, sau da yawa ba wani saƙon kuskure, sai dai "ƙasa" ta koma "Æ™asa", ɗ ya koma "É—". Idan sunayen ɗalibai ne ko na majinyata ake zubawa cikin rumbun bayanai, ɓarnar za ta shige ba wanda ya lura sai daga baya.

Magani iri biyu ne. Na farko, ka kunna yanayin UTF-8, wanda ya shigo a sigar 3.7 a 2018:

```
python -X utf8 shiri.py
```

ko ka saita shi a muhalli kafin ka tashi Python: `set PYTHONUTF8=1` a cmd, `$env:PYTHONUTF8="1"` a PowerShell, `export PYTHONUTF8=1` a Linux. Ka lura da kyau, rubuta `os.environ["PYTHONUTF8"] = "1"` a cikin shirinka ba zai canza komai ga tafintan da ke gudana ba. Lokacin da aka iso layinka an daɗe da wuce wannan mataki.

Na biyu, kuma shi na fi ba da shawara: duk inda ka buɗe fayil ɗin rubutu ka faɗi tsarin da bakinka, `open("a.txt", "w", encoding="utf-8")`. Shirinka zai je kwamfutocin da ba kai ka saita su ba.

A Linux matsalar ba ta cika tasowa ba. Ko a wuraren da ba a saita harshe ba, kamar aikin cron ko cikin Docker, daga 3.7 Python da kansa yake komawa UTF-8.

Mataki na 3: Tutoci da saitunan muhalli

Daga nan tafintan zai karanta sauran tutocin da ka rubuta bayan sunansa, da duk saitunan muhalli da sunansu ya fara da `PYTHON`, ya tattara su wuri guda. Tun sigar 3.8 ta 2019 wannan ma'ajiya tana da suna, `PyConfig`, bisa tsarin PEP 587 da Victor Stinner ya rubuta. Duba abin da ke muhallinka:

```
env | grep ^PYTHON
```

A cmd na Windows `set PYTHON` ne. Mafi yawan lokaci bai kamata ka ga komai ba. Idan ka ga `PYTHONHOME` ko `PYTHONPATH` alhali ba kai ka sa ba, wata manhaja ce ta bar su, kuma su ne abin zargi na farko.

Idan tuta da saitin muhalli suka saɓa, tuta ce ke rinjaye. Gwada:

```
PYTHONUTF8=1 python3 -X utf8=0 -c "import sys; print(sys.flags.utf8_mode)"
```

Zai buga 0. `print(sys.flags)` kuma zai nuna maka hukuncin ƙarshe da aka yanke kan sauran.

Kaɗan daga cikin waɗanda za ka riƙa haɗuwa da su: `-B` na hana rubuta foldar `__pycache__`, `-u` na sa abin da ka buga ya fita nan take ba tare da an tara shi ba, abin da ke da amfani a kan saba, `-O` na cire duk layukan `assert`, shi ya sa ba a tantance kalmar sirri ko kuɗi da `assert`. Akwai kuma `PYTHONHASHSEED`. Tun 3.3, duk tashin da Python zai yi yana zaɓar wata sabuwar lamba da yake lissafin kalmomi da ita, saboda tsaro. Shi ya sa idan ka buga `set` mai ɗauke da kalmomi, jerinsu na iya bambanta daga wannan gudu zuwa wancan. Idan kana farautar kuskuren da ke zuwa yana ɓacewa, sa `PYTHONHASHSEED=0` ka ga ko zai tsaya wuri ɗaya.

Mataki na 4: Neman gida

Fayil ɗin `python3` shi kaɗai ba ya iya komai. Yana buƙatar babban laburarensa, kuma ba a rubuta masa adireshin a wani wuri ya karanta kawai ba, nemowa yake yi. Ga yadda neman ke tafiya.

Idan an saita `PYTHONHOME`, ya karɓa ba tambaya, ko da adireshin ƙarya ne. Idan babu, sai ya duba ko akwai fayil mai suna `pyvenv.cfg` a gefensa ko a foldar da ke sama da shi. Idan nan ma babu, sai ya bi mahaɗai har ya gano ainihin inda yake zaune, ya fara hawa sama folda bayan folda yana neman alama guda: `lib/python3.12/os.py`, ko `Lib\os.py` a Windows. Foldar da ya samu alamar a ƙarƙashinta ita ce `sys.prefix`. Haka zai nemi `lib-dynload`, inda modulolin da aka rubuta da C suke, ya samu `sys.exec_prefix`. Idan duk bai dace ba, ya koma ga adireshin da aka ɗinka masa ranar da aka gina shi. A Ubuntu amsar `/usr` ce. A Termux kuwa `/data/data/com.termux/files/usr`.

Ka lalata neman da gangan, don ka san kamannin wannan ciwo:

```
PYTHONHOME=/babu python3 -c "pass"
```

Zai zubo dogon bayani da ya fara da `Python path configuration:`, ya ƙare da `ModuleNotFoundError: No module named 'encodings'`. Mutane na ganin wannan sai su ruga su gwada `pip install encodings`, alhali babu abin da ya ɓata. Wasu modulolin farko, irin su injin `import` kansa, an daskarar da su a cikin jikin tafintan, kuma a sigar 3.11 ta 2022 an ƙara da `os`, `site`, `codecs` da wasu, abin da ya rage lokacin tashi da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Shi `encodings` shi ne na farko da dole a ɗauko daga faifai. Saboda haka rashinsa na nufin tafintan bai gane gidansa ba. Karanta layin `PYTHONHOME` da na `sys.path` a cikin dogon bayanin, za ka ga inda ya je nema.

Yanzu ga `venv`, wato keɓantacciyar folda da ake girka ƙunshe-ƙunshen aiki ɗaya a ciki, wanda ya shigo a 3.3 a 2012. Ƙirƙiri ɗaya ka leƙa cikinsa:

```
python3 -m venv gwaji
cat gwaji/pyvenv.cfg
```

Layukan da suka fi muhimmanci su ne:

```
home = /usr/bin
include-system-site-packages = false
version = 3.12.3
```

Sirrin venv gaba ɗaya wannan ɗan fayil ne. Babu kwafin babban laburare a ciki. Layin `home` yana nuna wa tafintan inda Python na asali yake, can zai ɗauko `os.py` da 'yan uwansa, amma ƙunshe-ƙunshen da ka girka a foldar venv za a neme su. Shi kuwa `activate` da ake ta girmamawa, aikinsa kaɗan ne: ya sa `gwaji/bin` a gaban `PATH`, ya cire `PYTHONHOME` idan akwai, ya canza alamar tagar umarni. Kana iya tsallake shi ka kira `gwaji/bin/python` kai tsaye, sakamakon ɗaya ne. A cron ko saba ma hakan ya fi tabbas. Don sanin ko kana cikin venv:

```
python -c "import sys; print(sys.prefix != sys.base_prefix)"
```

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa kwafe foldar venv a filashi a kai wa aboki ba ya aiki. Layin `home` da kawunan fayilolin da ke `bin` duk adireshin kwamfutarka suke ɗauke da shi. Idan tsadar data ce ta sa ake son yin haka, ga hanyar da ke aiki. A kwamfutar da ke da intanet:

```
python -m pip download -r requirements.txt -d kaya
```

Kai foldar `kaya` a filashi, a ƙirƙiri sabon venv a can, sannan:

```
python -m pip install --no-index --find-links kaya -r requirements.txt
```

Sharaɗin shi ne kwamfutocin biyu su kasance iri ɗaya a tsarin aiki da sigar Python.

Masu Windows su san wani abu kuma. Idan akwai fayil irin `python312._pth` a gefen `python.exe`, kamar yadda yake a ƙunshin zip da ake kira embeddable, to duk wannan nema an soke shi. Abin da ke cikin fayil ɗin kaɗai ne zai zama hanyar nema, ba a kula saitunan muhalli, kuma mataki na 6 ba zai gudana ba sai ka cire alamar `#` daga gaban layin `import site`.

Mataki na 5: Ƙashin bayan sys.path

Da an san gida, sai a gina jerin wuraren da `import` zai duba. Don ganin jerin tsirara, kafin a yi masa ƙari:

```
python3 -S -c "import sys; print(sys.path)"
```

Za ka ga kusan haka: `''`, sai `/usr/lib/python312.zip`, sai `/usr/lib/python3.12`, sai `lib-dynload`. Fayil ɗin zip galibi babu shi a faifai, gurbinsa kawai aka tanada. Duk abin da ka sa a `PYTHONPATH` yana shiga ne gaban babban laburare, shi ya sa yake da haɗari: yana shafar kowace sigar Python da kowane venv da ke kwamfutar.

Neman modul kamar mai cefane ne da ya shiga layin 'yan tumatir: rumfar farko da ya samu abin da yake so nan zai saya, ba zai ƙarasa ya ga ko na gaba ya fi kyau ba. Don haka matsayin folda a jerin shi ne komai.

Mataki na 6: Aikin site

Tutar `-S` da muka yi amfani da ita tana hana wani modul mai suna `site` gudana. A tashi na yau da kullum kuwa yana gudana kai tsaye, kuma shi ne ke kawo duk abin da `pip` ya girka. Ga taƙaitaccen rahotonsa:

```
python3 -m site
```

Zai nuna cikakken `sys.path`, da `USER_SITE`, da ko an kunna shi. Abin da `site` ke yi, bi da bi, shi ne: ya ƙara foldar ƙunshe-ƙunshen venv idan akwai, ya ƙara ta mai amfani, wato `~/.local/lib/python3.12/site-packages` a Linux ko `%APPDATA%\Python\Python312\site-packages` a Windows; sannan ta kwamfutar gaba ɗaya. Debian da Ubuntu suna kiran tasu `dist-packages`. A venv da aka rubuta wa `include-system-site-packages = false`, biyun ƙarshe ba sa shiga ko kaɗan.

Ka lura cewa foldar mai amfani tana gaban ta kwamfuta. Tsohon ƙunshin da ka girka da `pip install --user` bara, ka manta da shi, yana iya danne sabon da aka girka wa kowa. Gwada da tutar `-s`, wadda ke tsallake foldar mai amfani. Idan matsalar ta tafi, ka gano maɓoyarta.

A kowace folda da ya ƙara, `site` yana neman fayilolin da suka ƙare da `.pth`, yana karanta su bisa jerin haruffan sunayensu. Kowane layi adireshin folda ne da za a ƙara a `sys.path`, in dai foldar tana nan. Da wannan `pip install -e .` ke sa a ga aikinka ba tare da an kwafe shi ba. Kai ma kana iya amfani da shi: ƙirƙiri `nawa.pth` a `site-packages` na venv ɗinka, rubuta adireshin foldar kod ɗinka a ciki. Ya fi `PYTHONPATH` tsabta nesa ba kusa ba, tunda venv ɗaya kawai ya shafa.

Sai dai akwai wani abu a nan da ya kamata ya tayar maka da hankali. Duk layin da ya fara da kalmar `import` a fayil ɗin `.pth`, ba adireshi ake ɗaukar sa ba, gudanar da shi ake yi a matsayin kod. Kuma ana yin haka duk lokacin da Python ya tashi, ko shirinka ya kira wannan ƙunshin ko bai kira ba. `setuptools` na amfani da wannan dama ta halal da fayil ɗinsa `distutils-precedence.pth`. Amma mugun ƙunshi ma na iya ajiye nasa, ya riƙa aiki a ɓoye da duk izinin da kake da shi. Ina ganin duk mai girka ƙunshe-ƙunshe daga intanet ya kamata ya riƙa leƙa waɗannan fayiloli lokaci-lokaci. Daga sigar 3.10:

```
python3 -v -c "pass" 2>&1 | grep -i "pth file"
```

Buɗe kowanne ka karanta. Gajeru ne. Wanda ka ga dogon layi na haruffa marasa ma'ana a cikinsa, kada ka bar shi sai ka san daga ina ya zo.

Bayan haka `site` yana ƙara `exit`, `quit` da `help`. Su ba ainihin sassan yaren ba ne, don haka a cikin shiri ka yi amfani da `sys.exit()`, `exit()` zai faɗi da `NameError` duk inda aka tashi Python da `-S`.

Daga ƙarshe yana gwada `import sitecustomize`, sannan `import usercustomize` idan foldar mai amfani a kunne take. Idan babu su ya wuce shiru. Ubuntu na zuwa da nata `sitecustomize.py`, wanda ke haɗa Python da apport, manhajar kai rahoton faɗuwar shirye-shirye. Don ganin naka:

```
python3 -c "import sitecustomize; print(sitecustomize.__file__)"
```

Wurin ya dace da mai kula da ɗakin kwamfutoci da ke son saiti ɗaya ya hau kan kowa. Ka sa fayil ɗin a `site-packages`. Idan ka ajiye shi a gefen shirinka ba zai gudana ba, kuma dalilin yana mataki na gaba.

Mataki na 7: Gurbin farko, wanda ake cikawa a ƙarshe

Sai bayan `site` ya gama ne ake saka abu na farko a `sys.path`, dab da fara shirinka. Abin da ake sakawa ya danganta da yadda ka kira Python. Da `python3 aiki/shiri.py`, foldar da fayil ɗin yake ce, wato `aiki`, ba inda kake tsaye ba. Da `python3 -m aiki.shiri`, foldar da kake tsaye ce. Da `-c` ko tagar hira (`python3` kawai ba fayil), `''` ne, wanda shi ma ke nufin inda kake tsaye. Wannan bambanci shi ne amsar tambayar da ake yawan yi, ta me ya sa `import` ke aiki ta wata hanyar kira amma ya ƙi ta wata. Idan aikinka na da foldoji cikin foldoji, tsaya a tushensa ka yi amfani da `-m`.

Tunda wannan gurbi yana gaban babban laburare, fayil ɗinka na iya danne na Python. Ɗalibi ya sa wa darasinsa suna `random.py`, ya rubuta `import random` a ciki, sai a ce masa babu `randint`. Kansa ya shigo da shi. Haka `email.py`, `csv.py`, `turtle.py`. Wani lokaci ma ba kai ka kira modul ɗin ba, wani laburare ne ya kira shi a can ciki, sai kuskuren ya fito daga wurin da ba ka taɓa gani ba. Tambayi modul ɗin daga ina ya zo:

```
import random
print(random.__file__)
```

Idan adireshin foldarka ya nuna, canza wa fayil ɗin suna. Sigar 3.13 ta fara faɗin wannan ƙarara a saƙon kuskurenta. `sys.py` kuwa ba ya danne komai, domin ana duba modulolin da ke jikin tafintan kafin a je ga `sys.path`.

Daga 3.11 akwai tutar `-P`, ko `PYTHONSAFEPATH=1`, mai hana cika wannan gurbi. Akwai kuma `-I`, wadda ta haɗa uku: ta yi watsi da saitunan muhalli kamar `-E`, ta tsallake foldar mai amfani kamar `-s`, ta kuma hana cika gurbin farko kamar `-P`. Duk shirin da zai gudana da izinin root, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar, ko a foldar da wasu ke iya ajiye fayil, da `-I` ya kamata a tashe shi.

Mataki na 8: Idan tagar hira ce

Idan ka rubuta `python3` kawai ba fayil, akwai ƙarin abu ɗaya: fayil ɗin da `PYTHONSTARTUP` ke nunawa za a gudanar kafin alamar `>>>` ta fito. Wuri ne mai kyau na ajiye `import` ɗin da kake yi kullum. Ba ya gudana idan shiri ake tasa, don haka kada shirinka ya dogara da abin da ke ciki.

Mataki na 9: Auna lokacin tashi

Idan shiri na jan ƙafa kafin ya fara, musamman a tsohuwar kwamfuta ko a waya:

```
python3 -X importtime shiri.py 2> lokaci.txt
```

Fayil ɗin zai ƙunshi layi ɗaya ga kowane modul, da lambobi biyu a ma'aunin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa: lokacin modul ɗin shi kaɗai, da jimillarsa tare da duk waɗanda ya jawo. Bi shafi na biyu ka nemi manyan lambobi. Sau da yawa za ka tarar wani laburare mai nauyi ne aka shigo da shi a saman fayil alhali aiki ɗaya tak ke buƙatarsa. Mayar da `import` ɗin cikin wannan aikin. Idan kuma nauyin a ƙarƙashin layin `site` yake, koma ga fayilolin `.pth`.

Idan an ce maka No module named

A ce ka girka `requests`, ka ga an ce an gama lafiya, amma shirinka ya ce babu shi. Fara da kwatanta waɗannan biyun:

```
python3 -c "import sys; print(sys.executable)"
pip --version
```

Na biyun yana nuna foldar da `pip` yake da sigar Python da yake yi wa aiki. Idan ba su dace da na farkon ba, ka girka wa wani Python ne daban, kuma wannan shi ne sanadin da ya fi yawa. Daga yau ka riƙa rubuta `python3 -m pip install`, don tafintan da zai gudanar da shirin shi ne zai yi girkin. Idan kana aiki a VS Code ko Jupyter, buga `sys.executable` daga cikinsu, domin kowannensu na iya zaɓar nasa tafintan ba tare da la'akari da na tagar umarni ba.

Idan sun dace, `python3 -m pip show requests` zai ba ka layin `Location`. Duba ko wannan adireshin yana cikin abin da `python3 -m site` ya jero. Idan ba ya ciki, ko dai kana cikin venv da ya rufe ƙofa ga foldojin waje, ko an tashi Python da `-s`, `-S` ko `-I`, ko kuma da `sudo` ka kira shi, wanda ke sa foldar mai amfani ta zama ta root. A Debian 12 da Ubuntu daga 23.04, `pip` zai ma ƙi girka komai a wajen venv, ya ce `externally-managed-environment`. Amsar ita ce ka ƙirƙiri venv, kada ka tilasta shi.

Idan adireshin yana cikin jerin amma har yanzu ba a gani, sa tafintan ya faɗi duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa:

```
python3 -vv -c "import requests" 2>&1 | grep "trying.*requests"
```

Kowane layi da ya fara da `# trying` fayil ne da ya gwada. Bi su daga sama zuwa ƙasa, ka kwatanta da ainihin sunan da ke cikin foldar. Wani lokaci sunan girki da sunan kira ne suka bambanta: `pillow` ake girkawa amma `PIL` ake kira, `beautifulsoup4` kuma `bs4`, `opencv-python` kuma `cv2`. Har girman harafi ma ana la'akari da shi, don haka `import pil` ba zai samu `PIL` ba.